Launin Tagogin Gidan da Aka Rushe

Kwana uku ke nan Wadad, mai gasa gurasa a wani lungu na Beirut, tana lura da dattijon nan. Siriri ne, kwat ta yi masa yawa, farcensa duk fenti. Da gani ba shi da kowa a garin. Da hantsi yake kafa allon zanensa, ya fuskanci filin ajiye motoci, yana zana abin da babu: gida mai tagogi uku, kwandon cefane na reto a igiya daga bene. Tagogin kaɗai ya bari fari fat.

Ta kai masa gurasa mai zafi. "Baba, ko tabarau za a sake ne? Motoci ne fa a gabanka."

"Gidanmu ne, 'yata. Shekara arba'in ina birnin Faris ina zana gidajen mutane. Namu kuwa na ce ina za shi, ai yana nan." Buroshinsa na rawa tsakanin kore da shuɗi. "Ke 'yar unguwa ce. Tagogin nan, wane launi ne?"

Wadad ta dubi tagogin da ke jikin allon. Ta ƙarƙashinsu take bi zuwa makaranta lokacin da take ƙarama, amma ko sau ɗaya ba ta ɗaga kai ba.

"Kore ne," ta ce, don ta ga idonsa ya ciko.

Ya dafa ƙirji yana godiya. Ta koma bakin tanda, ba ta sake yarda ta kalli allon ba.