Lambar da Aka Rubuta wa Tsohon Ruga

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutsin-Ma, ni da direba da wani ma'aikacin jinya. Aikina duba rajistar ƙananan asibitoci ne, in tabbatar kowace cuta an ba ta lambarta, domin da lambar ake turo magani. Hanyar Kurfi lafiya lau. A bakin tasha muka karya da kunu da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa kuwa ya girma. Da muka saki kwalta muka nufi wajen Tamawa sai laka ta karɓe mu, shanu suka tare hanya, direba na ta yi musu hon, ko kallo bai ishe su ba.

A wani ɗan asibiti na tarar da katin wani dattijo makiyayi da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Sau uku ana sa masa lambar gyambon kwanciya, wato wanda nauyin jiki ke jawowa. Ana ta juya shi, ciwo sai faɗi yake. Ma'aikacin jinyar da muke tafe tare ya ce a kai mu rugar dattijon.

Ya shiga ya duba, ya fito ya ce ba gyambon kwanciya ba ne. Fatar ta yi ja ta saɓule a matsematsi, ba a kan ƙashi ba. Fitsari ke kufce wa tsohon, danshi ke cin fatar. Na tambayi jami'in asibitin da ya cika katin yadda aka yi. Ashe 'yar tsohon yake aure. Bai taɓa ɗaga zanen ba, daga bakin ƙofa yake tambayar jiki.

Ya ce, "Malam, da wane ido zan kalle shi in na rubuta baba na fitsarin kwance?"

Ban yi masa faɗa ba, don ni ma da wuya in iya. Na soke lambar, na sa ta lalacewar fata saboda danshi, muka rubuta wurin ciwon da faɗinsa da sanadinsa. Aka koya wa matar tsohon wankewa da ruwan ɗumi, da tsane jiki, da shafa mai, aka kuma janye ledar da ake kwantar da shi a kai.

Bayan la'asar muka iso gida. Daga yanzu duk katin da na ɗauka sai na tambayi wanda ya cika shi ko ya ga ciwon da idonsa, da kuma yadda suke da majinyacin. Wata biyu fatar dattijon nan na saɓulewa, ba don an ƙi shi ba, don ana jin nauyinsa.