Daeng Baji, Wadda Ta Tsare Mana Makon Sallah

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Talata, ashirin da uku ga watan azumin bana, ina zaune a motata a tashar Daya ina jiran ta cika, aka kira ni a waya cewa Hajiya Rosmini Daeng Baji ta rasu a gidanta da ke unguwar Tallo. Shekarunta sittin da bakwai, ciwon zuciya ne ya zama ajalinta. Na ba fasinjojin da suka riga suka shiga haƙuri, na sauke su. Ba zan yi miki ƙarya ba, Daeng: kafin in yi miki kuka, tsoro na fara ji. Matata Suriani tana kwance a asibiti, sankarar jininta ta dawo, Sallah kuma saura mako guda.

Wanda bai yi jinyar wannan ciwo ba bai san makon Sallah ba. Majinyatanmu suna rayuwa ne da wani sashe na jini mai launin rawaya, wanda ba ya wuce kwana biyar a ajiye. Idan ya yi ƙasa a jiki, jini sai ya ɓalle ta hanci da dasashi, ya ƙi tsayawa. Ga shi kuma da Sallah birninmu Makassar watsewa yake yi, kowa ya kama hanyar garinsu, masu ba da jinin har da su. A irin wannan mako ne, shekara goma sha tara da suka wuce, ɗanki Ilham ya rasu a hannunki kuna jiran leda ɗaya ta wannan jini.

Da wata ce, da ta koma gida ta rufe ƙofa, ba kuma wanda zai ga laifinta. Ke kuwa, mai sayar da burasa, wato dafaffiyar shinkafa a ganyen ayaba, a kasuwar Terong, wadda ko firamare ba ki gama ba, kika zauna kika yi wa kanki tambayar da ba wanda ya yi: su wa ne ba sa tafiya gida Sallah? Kiristocin ƙabilar Toraja, mutanen kan duwatsu da ke aiki a birni, da 'yan asalin Sin masu shaguna. Kika bi su ƙofa ƙofa da tirenki na burasa, kina ciyarwa kina roƙo. Da Kirsimeti kuma, idan su suka hau duwatsunsu, sai ki juyo kanmu Musulmi ki ce biyan buki ya zo. Kin yi zaman dirshan a ofisoshi har aka yarda ɗakin ɗibar jini ya riƙa buɗewa ranar Idi. Tun daga lokacin ba ki sake yin Sallah a garinku Sinjai ba.

Ni ma sai da kika gyara min zama. Shekara huɗu ke nan, a kwanciyar Suriani ta farko, kika shigo da wani mai walda, Pak Yohanis Rante, gicciye a wuyansa, kika ce rukunin jininsu ɗaya. Na ja ki gefe.

"Daeng, wannan fa ba Musulmi ba ne."

"To madalla, ustazu," kika ce. "Ɗauki motarka ka zagaya garin nan ka nemo min Musulmi. Duk suna can suna cin kaza a gidan surukai. Matarka kake so, ko wa'azi?"

Kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa Pak Yohanis dariya ya yi, ya naɗe hannun riga. Har yau idan ya gan ni ustazu yake ce min.

Abin da ya tayar min da hankali ranar Talatar nan shi ne, duk wannan aiki a kanki yake. Ba ki da ofis, ba ki da sakatare. Ke kaɗai kika san wa ke da wane jini, wa ya bayar kwanan nan, wa ke tsoron allura sai an lallashe shi. Ina cikin masu ɗaukar makararki, amma zuciyata tana ɗaki na huɗu wajen Suriani, ina cewa an binne mu tare da ke.

Da muka fito daga maƙabarta, sai na ga mutane tsaye a bakin ƙofa cikin rana, sun fi talatin, ba su shigo ba don girmamawa. Pak Yohanis ya riƙe min hannu.

"Ustazu, share hawayenka. Ranar Idi da safe ce tawa. Suriani, ɗaki na huɗu."

"Wa ya gaya maka?"

"Wa kuwa? Ranar Lahadi ta kira ni, numfashi da ƙyar. Ta ce ko ta mutu, idan na makara sai ta ji."

Wata mai shagon yadi, Ci Lian, ta ce tata Juma'a ce, wani yaro daga tsibirin Selayar aka ba ta. Na kusa da ita ya faɗi tasa ranar da sunan nasa majinyacin. Haka suka bi ɗaya bayan ɗaya. 'Yarki Hasni ta gaya min daga baya cewa kwana uku na ƙarshe likita ya hana ki magana, kika sa ta riƙe miki waya a kunne. Kin san tafiya za ki yi, kika ƙi tafiya sai da kika raba mako guda cif, kowane gado da mai shi. Ban taɓa ganin irin wannan ba, ba na kuma zaton zan sake gani.

Jiya Alhamis, washegarin Sallah, na zauna kusa da Suriani ina kallon ledar rawaya tana ɗiga cikin hannunta. Jinin dasashinta ya tsaya. Ta ci burasa rabi, ta tambaye ni me ya sa ba ki leƙo ba bana. Sai a lokacin na iya gaya mata cewa kwananki tara a kabari, kuma ke kika aiko da wannan.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Rosmini Daeng Baji, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka sada ta da Ilham a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hasni da ƙannenta, da dangi na Sinjai waɗanda suka yi haƙurin Sallah goma sha tara babu ita saboda mu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya sa mu ma mu cika da imani. Amin.