Lambar da ban duba ba

Ranar wata Laraba da la'asar, a shekarar da nake aji huɗu a lakwal, wato firamare, ina tsugune a garejin Baba a Gure, riƙe da miltimetir, ƴar na'urar awon nan mai waya biyu, ja da baƙa. A gabanmu butar shayi ce bisa gawayi, amma ba shayi a ciki. Ruwa ne da sonda, ɗan ƙarfen da ke gaya wa direba zafin injin. Baba ya ciro ta daga motar Malam Ari, mai ɗauko kabeji da tumatir daga lambunan kwari, don ya yi ƙorafin allurar zafi ta daina motsi sosai.

Haka Baba yake gwajinsa. Ya ɗora wayoyin a bakin sonda, ruwa na ƙara zafi, lamba na sauka. In ta ƙi sauka, sonda ta mutu. Yakan ce, "Ƙarfe ba ya ƙarya, sai dai mai karanta shi." Abin da mutanen gari ba su sani ba, yanar ido ta soma rufe masa gani. Da hannu da kunne yake gyara, amma lamba sai da ni. Shi ya sa in na ɗebo ruwa na zuba wa awaki dusa nake zuwa in zauna kusa da shi, ana zaton shagwaɓar ƴar fari ce.

Ran nan ƙawayena suna carafke a bayan katanga, shewarsu ta ɗauke min hankali. Baba ya ce, "Uwata, tana sauka?" domin sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce, "Tana sauka, Baba," idona na bakin ƙofa. Wallahi ban duba ba. Ya goge waya, ya mayar da sonda, ni kuwa na zuba da gudu.

Kwana uku tsakani injin ya ƙone cikin rairayin hanyar Kelle, allura na nuna sanyi, tumatir ya ruɓe a rana. Malam Ari ya zo gareji yana faɗin duk abin da ya zo bakinsa, jama'a suka taru. Ina laɓe bayan tulin tayoyi ina jin komai. Baba ya bari ya gama, sannan ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Ari. Idona ne ya tafi, na ɓoye muku." Asirin da ya shekara biyu yana rufewa ya tona da bakinsa, don kada sunana ya fito. To wa zai kai wa makaho mota? Direbobi suka ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kafin damina ta zagayo garejin ya zama makwancin awaki. Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Yau makanikai na jona mota da kwamfuta ta faɗi ciwonta da kanta, yanar ido kuma a safiya ɗaya ake cire ta a Damagaram. Duk wannan ya zo bayan Baba. Har yanzu abin na cina, na so a ce ya yi min faɗa ko sau ɗaya.