Katifar Mek Sepiah

Shekara ashirin da uku Mek Sepiah ta yi ba ta taka yashin bakin teku ba, alhali daga gidanta zuwa ruwan bai kai tafiyar minti goma ba. Duk ƙauyen an san dalili. Mijinta, Pak Deraman, ya fita kamun kifi wata safiya gab da faɗuwar damina, bayan kwana uku aka tsinci jirginsa, shi kuwa har yau shiru. Ta ɗauke ɗanta tilo, Zulkarnain, wanda ake kira Nain, daga gidansu na katako mai dogayen ƙafafu, ta kama haya a bayan titi, inda ƙarar motoci ke danne ƙarar ruwa. Kifi kam ba ta rabu da shi ba, don da shi ake ci. Sai dai a kawo mata har ƙofa, ta kirɓa shi da garin sago mai kama da na rogo, ta mulmula abin taunawar da ake kira keropok, ta soya ta sayar wa matafiya. Da keropok ta yi wa yaron karatu, da shi ta gina gidan bulo, bana bango, baɗi kwano. Kafin a gama ɗakin da ta ware wa Nain, ya riga ya tafi Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar, aiki.

Shekarar da tantuna suka fara bayyana a bakin ruwa, maƙwabciyarta Mek Limah ce ta kawo labari.

"Sepiah, mutane ne cike a ƙarƙashin itatuwa, har da jarirai, kowa da tantinsa."

"Innalillahi! Ina kuma aka yi ambaliya da ranin nan?"

A saninta, mutum ba ya kwana a tanti sai ruwa ya cinye masa gida. Nan da nan ta ɗora babbar tukunyar shinkafa, ta yi miyar kifi, ta tattara tsofaffin zannuwa, ta ɗora wa Limah. Ba a jima ba Limah ta dawo tana riƙe da ciki don dariya. Wai 'yan birni ne, motar kowannensu ta isa ta sayi layin nan gaba ɗaya. Babu wuta, babu famfo, da itace suke girki, kuma biya suke yi a bar su su kwana a wurin. Shinkafar ma sai da suka ɗauke ta hoto kafin su ci.

"Biya? Su biya don su kwana a ƙasa?"

"Wallahi. Zannuwanki kuwa wata ta ce in sayar mata, wai na da ne, sun fi kyau."

Mek Sepiah ta juya maganar nan ta kowace fuska, ta rasa kanta. Ita da ta ƙarar da ƙuruciyarta tana gudun yoyon rufi da cizon sauro, ga masu bene suna tuƙo mota awa shida don sauro ya cije su. Ta yi tsaki ta koma kan kaskonta.

Abin da ke cin ranta dai ɗaya ne. Nain bai taɓa kwana a ɗakin nan ba, ko dare ɗaya. Da Sallah ya zo da hantsi, ya sumbaci hannunta, ya ci abinci, kafin magariba ya ce aiki. Don haka da ya bugo waya bana ya ce shi da matarsa Norhasmah za su yi mako guda, Mek Sepiah har rawa ta taka ita kaɗai a kicin. Ta sa aka yi wa ɗakin fenti, aka ɗaura fanka, ta shiga bas har birnin Kuala Terengganu ta zaɓo katifa mai kauri, ta bar ta a ledarta don kada ƙura ta taɓa. Duk wanda ya tsaya sayen keropok sai ya ji labarin katifar.

Ranar Asabar sai ga wata doguwar farar mota a ƙofar gida, mai gado da murhu a ciki. Nain ya sumbaci hannunta, suka ci abinci, ya leƙa ɗakin ya ce, "Kai, Mak, ya yi kyau!" Mak yake kiranta, wato uwa. Ya sosa ƙeya. "Bari mu je mu kafa tanti tun da sauran rana."

"Wane tanti?"

"A bakin ruwa za mu riƙa kwana, Mak. Kullum da safe muna nan wurinki."

Tana tsaye da ludayi a hannu motar ta tsallaka titi.

Kashegari Limah ta leƙo ta taga. "Sepiah, an ce ɗan naki ma ambaliya ta ci shi? In kai masa zannuwa?"

"Limah, ki fita idona."

Ƙauye ya ɗauka. Wasu suka ce an kore shi daga aiki ya sayar da gida, shi ya sa yake yawo da ɗakinsa a mota. Wasu suka ce matar ce ke ƙyamar ƙarnin kifi. Wasu ma suka ce uwar ce ta kore shi. Mek Sepiah ta auna kowace magana. In talauci ne, me ya hana shi kwana a ɗakin kyauta? In matar ce, ai ga ta nan kullum zaune tana mulmula keropok har gwiwar hannu. Ta tambaye ta, Norhasmah ta sunkuyar da kai ta ce, "Mak, shi za ki tambaya." Kwana uku Mek Sepiah tana shiga ɗakin tana kunna fanka tana kashewa.

Rana ta huɗu bayan la'asar ta ɗaura ɗankwali ta tsallaka titi. Tsoro take ji sosai. Da yashi ya shiga takalminta sai da ta dafa wata bishiyar kwakwa. Ta ƙi ɗaga ido, ta bi ta tsakanin tantunan baƙi har ta isa farar motar. Nain na tsugune yana hura wuta, hayaƙi ya sa shi hawaye. Yana ganinta ya miƙe zumbur.

"Mak! Ke ce a nan?"

"Faɗa mini gaskiya. Korar ka aka yi?"

"A'a."

"Ɗakin ne bai yi maka ba? Ko ni ce?"

"Mak, ba na barci," ya ce. "A benen birni, hawa na goma sha takwas, ba na barci, a bayan titi ma ban taɓa barcin kirki ba, tun ina shekara tara. Nan kuwa ina sa kai shi ke nan. Ina jin ruwan, sai in ga kamar babana ya kusa dawowa da kifi."

Ya nuna mata gefen tantin. Matakala ce ta siminti mai hawa uku, rabinta a cikin yashi. Pak Deraman ne ya zuba ta da hannunsa, kuma ita kaɗai teku ta bari daga tsohon gidan. Ita Mek Sepiah ta ɗauke yaron daga wannan ƙara don ta raba shi da baƙin ciki, ashe barcinsa ta raba shi da shi.

Ta zauna a kan matakalar, bayanta ga teku. Sannan ta dubi Nain.

"Je ka ɗauko katifar."

"Mak, ba za ta shiga ba."

"Na ce ka ɗauko."

Haka ya ratso ƙauye da katifa a ka, Limah na biye tana tafa hannu. Aka tura, aka lanƙwasa, rabinta ya shiga tanti, rabi ya tsaya a waje. Baƙin da ke sauran tantuna suka fito kallo.

"Har yanzu ban gane muku ba, ku 'yan birni," in ji Mek Sepiah. Ta durƙusa ta kama ledar da haƙori, ta yage ta tun daga sama har ƙasa. "Amma ɗana ba zai kwana a ƙasa ba."

Ta koma kan matakalar, wannan karon ta fuskanci ruwan.