Sadakar Auwal a bakin teku

Muna cikin sauke kulolin abinci a kan yashi, sai Anty Hadiza ta duba gabas ta duba yamma, ta ce, "Zee, to wa zai ci?"

Kun dai san sana'ata a Sparkhill, shirya suna da walima da birthday. Wannan karon Anty ce ta ce in shirya mata addu'a a bakin tekun Maroko, a wani ƙauyen masunta da kowa ya watse ya bari. Daga nan ɗanta Auwal ya yi mata kiran ƙarshe kafin ya hau kwalekwale. Ba gawa, ba kabari.

Ni kuma na sa aka dafa shinkafa da nama kamar sadakar unguwa. Wallahi na manta sadaka sai da mai karɓa. Mu biyar ne kawai, sai ɗakuna ba rufi, ko akuya babu.

Anty ta zauna a ƙasa, ta ce, "Shi ke nan, ko sadakarsa ba ta samu mutum ba."

Sai direbanmu ya nuna mana wani ɗaki mai rufi, cike da tsofaffin takalma da robobin ruwa. Ya ce a nan samari suke ɓuya suna jiran kwalekwalen tsallakawa Turai.

Anty ta daɗe tana kallon takalman.

"Kai musu ciki, 'yata. Ki rufe sosai kada yashi ya shiga. Ɗan wata ne zai ci."

Don Allah ku ajiye wa Auwal addu'a a comment, ku haɗa da wanda zai buɗe kular nan.