Idon Ernest na Dama

Ernest Yashim mutumin Kafanchan ne, amma a kasuwar Mile One ta Fatakwal ba wanda ke kiransa da wani suna sai Likita. Aikinsa awon ido ne da yanka gilashi, ya kuma sha gaya wa mutane cewa shi ba likitan tiyata ba ne, ba su ji ba, har ya gaji ya bari. Da ƙuruciyarsa ya zo Fatakwal, ya samu aiki a wani ƙaramin asibitin ido a Rumuokoro, ya auri Linda, suka kama haya a Diobu bayan layin mahauta. Da yake da Hausa ya tashi, duk dattijon da ido ya dame shi a kasuwa, ƙofar Ernest yake fara ƙwanƙwasawa.

Ƙungiyarsu ta masu awon ido tana da 'yan sa-kai a kowane yanki, waɗanda ke shirya bita da zagayen makarantu ba tare da ko sisi ba. Na yankinsu sukan haɗu sau ɗaya a shekara, bana a Fatakwal, baɗi a Anaca, sannan Inugu. Ernest bai taɓa fashi ba. Ya fi kowa surutu a zauren, kullum maganarsa ɗaya ce: a riƙa kai awo cikin kasuwa, don mai rumfa ba zai rufe rumfarsa ya tafi asibiti ba.

A wani taro na Inugu aka kawo wata 'yar na'ura ta hannu mai gano hawan jinin ido, ciwon da ke cinye gani a hankali ba tare da zafi ba. Hannatu, wata Bazazzagiya da ke aiki a Anaca, ita aka sa ta nuna yadda ake amfani da ita. Ta nemi wanda za a gwada a kansa, Ernest ya fito yana zolaya, ya zauna. Ta auna idon hagu, ta sake aunawa.

"Yaya Ernest, yaushe rabonka da a duba maka ido?"

"Ni da nake duba na mutane?" in ji shi yana dariya.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce ya rufe idon dama, ya gaya mata in ya ga hannunta. Ta kawo hannun daga gefe a hankali, bai gan shi ba sai da ya zo daidai hancinsa. Ba sai an yi masa bayani ba, shi ma aikinsa ne. Nan take ya tuna wani ɗan okada da ya kusa kwashe shi ta hagu a mahaɗar Rumuokoro, wanda ya zazzaga wa masifa ranar.

'Yan taron ba su bari ya koma masauki ba. A motar shugaban yankin aka kai shi wurin wani babban likitan ido a garin. Likitan ya ce na hagu ya riga ya yi nisa, amma na dama za a iya tsare shi, in dai zai riƙa ɗiga magani kullum har iya rayuwarsa.

Da ya dawo Fatakwal sai ya zama wani mutum daban. Daga aiki sai ɗaki. Kunya ce ta fi damunsa, ba ciwon ba. Hannatu kuwa ba ta ƙyale shi ba, duk mako sai ta bugo waya ta tambayi Linda ko yana sa maganin, kuma lokacin da maganin ya yi wuya a Fatakwal, 'yan ƙungiya na Anaca suka ba direban mota ya kawo masa.

Wata ranar Asabar Alhaji Hammadu, dattijon mahautan Mile One, ya yi sallama. Bayan sun gaisa, an tambayi iyali da gajiya, sai ya ce, "Likita, an ce ka daina bi ta layinmu."

"Alhaji, da wane ido zan kalle ku? Shekara da shekaru ina yi muku faɗa a kan awo, ga shi ni ban auna nawa ba."

"To ai yanzu ne ma za mu ji maganarka. Da can muna cewa neman ciniki kake."

Ernest ya yi dariyar da ya daɗe bai yi ba.

Da taro ya zagayo Fatakwal, ba a yi gardama a kan shawararsa ba. Ranar ƙarshe aka kwashi kayan awo aka nufi Mile One. Mahauta suka kafa rumfuna, suka yanka rago, matan layin suka ɗora tukwane. Ernest ya tsaya a kan benci ya ba da labarinsa da Hausa, ya maimaita da Turancin kasuwa, bai ɓoye komai ba. Layi ya miƙe har bakin titi inda 'yan keke ke tsayawa. Cikin waɗanda aka gano ciwon yana farawa har da Hajiya Maijidda, matar Alhaji Hammadu, wadda ta zo kawo abinci ne kawai aka lallashe ta ta zauna.

Yanzu Ernest ya rage aiki, idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana nan. Da shi yake karatu a coci ran Lahadi, da shi ya ga auren 'yarsa Angela a bara. Hannatu da wasu 'yan ƙungiya sun zo bikin daga Anaca, ya zaunar da su a teburin dangi. Da wata gwaggon ango ta tambayi ko su wane ne, ya ce mata 'yan ɗakinsu ne, a ƙara musu nama.