Kunun Zakin Kawu

Shekarar da ciwon kawu ya tsananta, ni na zama mafaraucin kunu a Jidda. Ƙanin mahaifiyata ne, ya zo aikin hajji tun yana saurayi bai koma ba. Ni kuwa kwangila ce ta kawo ni wani kamfani a unguwar masana'antu ta nan Jidda. Kawu ya daina cin komai, abu ɗaya yake nema: kunun zaki na gaskiya, wanda aka jiƙa gero, aka markaɗa da dankali da citta, ya kwana ya tashi da kansa.

Na ɗauka abin wasa ne. Na kai masa na garin leda da ake damawa nan take, ya shinshina ya ture. Na kai sobiya, abin shan Larabawa mai kama da kunu, jikokinsa suka shanye. Duk wanda na tambaya sai ya ce ai akwai wata mai yin sa a unguwar Hindawiyya, amma tun da aka yi rusau kowa ya kama gabansa. Daga aiki nake zarcewa, ƙafafuna kamar na aro, ina bin lungu ina rafka sallama a ƙofofin da ba a amsawa. Na gaji, har na fara jin haushin kawu da kununsa.

A unguwar Kurayyat na same ta, wata dattijuwa haifaffiyar nan. Na iso bayan la'asar, na tarar tana tuttular da rabin bokitin kunu a magudana. Na tsaya ina kallo kamar in yi kuka. Ta ce kunun kirki rai gare shi, zafin Jidda ba ya barinsa ya kai yamma. In ya fara kumfa a gora, maƙwabci ɗaya ya isa ya ce giya take haɗawa, ita kuwa iƙamarta, takardar izinin zama, ta daɗe da mutuwa, ba ta da bakin yin bayani.

"Bayan la'asar halas, ya ƙare ke nan, ya waladi, ɗana," in ji ta. "In kana so, ka zo da hantsi."

Da hantsi kuwa kullum ina gaban inji a kamfani. Na roƙi mudir, wato shugabanmu, rabin yini, ya ba ni yana ƙunƙuni. Na je wurinta na karɓi gora ɗaya na kafa ta a bakin iskar sanyin mota, na ratsa cunkoso ina addu'a kada ta juya kafin in isa.

Kawu ya kurɓa, ya riƙe a baki ya daɗe bai haɗiye ba. Sannan ya sha rabin kofi, ya huta, ya ƙarasa. Mutumin da ya yi ta yi mana wasiyya yana raba rigunansa, sai ya miƙo mini kofin ya ce, "Ɗan nan, gobe ma."

Na tuna hanyar, na tuna fuskar mudir, bayana yana sara. Na ce to, kawu.